Laifin Romon Akuya

A garinmu, ranar da sanyi ya kai tsakiyarsa, wato ranar da yini ya fi gajarta a shekara, babu gidan da ba a shan romon akuya. A irin wannan rana ce Deng Haisheng ya fara taka gidan su Tao Ruolan. Ya hau bene hawa huɗu rungume da tukunya naɗe cikin tawul, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jariri.

Wata biyar ke nan suna tare. Ruolan tela ce, tana da ɗan shago a bakin kasuwa inda take rage tsawon wando da canza zif. Shi kuwa ɗa ne tilo ga Liao Guifang, mai shagon romo na gindin gada, wanda kakansa ya buɗe tun gadar tana ta katako. Zif ɗin rigar sanyinsa ne ya haɗa su. Ta gyara masa, washegari ya dawo wai ya sake lalacewa. Ta duba ta ce wannan da hannu aka ɓalle shi. Ya sosa ƙeya ya amsa laifinsa.

Mahaifiyarta, Fu Sufen, ta tarbe shi da fara'a. Ta riga ta ajiye masa silifas ɗin baƙi a bakin ƙofa, ta dafa agwagwa da kifi mai yaji, ta ɓare lemo a faranti. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce ga saƙo daga mahaifiyarsa, ita da kanta ta ɗebo daga tsakiyar tukunya inda ya fi daɗi. Ya ɗaga murfin. Romon fari tas kamar madara, ƙamshinsa ya cika falon.

Murmushin Gwaggo Fu bai gushe ba. Ta karɓi tukunyar, ta yi godiya sau biyu, ta fita da ita baranda ta ajiye tsakanin tukwanen furanni, ta jawo ƙofar gilashi ta rufe. Aka zauna aka ci agwagwa. Ta yi ta zuba masa a kwano tana tambayarsa aiki da lafiyar gida. Babu wanda ya sake waiwayar baranda sai shi, yana kallon tururin yana raguwa har ya daina.

To, Haisheng tun yana ƙarami ake ce masa Me-ya-sa. Shi ne ya taɓa kwance rediyon kakansa don ya ga inda mai maganar yake zaune. Don haka ya sauko daga benen nan da tambaya cike da ciki. Ko matar ta yi alkawarin barin nama ne a gidan ibada? Ai ta ci agwagwa a gabansa. Ko warin ne ba ta so? Romonsu ba ya wari, da soyayyen kifi ake kashe shi tun a tukunya. Ko akwai tsohuwar gaba tsakanin gidajen biyu? Ya tambayi mahaifiyarsa, ta ce ita ba ta ma san fuskar matar ba. Da labari ya iso mata cewa maƙwabtan da ke ƙasan benen aka miƙa wa romon, sai ta ajiye ludayi ta ce wato su masu warin akuya ne, ba su kai a ci abincinsu ba.

Da ya fara lura kuma, sai ya ga tambayoyin sun fi ɗaya. Ruolan ba ta tuƙa babur, alhali kowace budurwa a layinsu tana da nata. A bikin abokinsa ta ɗaga kofi tare da kowa, amma shayi ne a cikin nata, ba giya ba. Ƙarfe takwas na safe da takwas na dare wayarta takan yi ɗan ƙara, ta juya baya ta haɗiyi ƙwaya daga kwalbar da aka rubuta wa maganin ƙarin jini. Wata rana yana zaune a shagonta yana warware mata zare, ya jero mata su duka, ya haɗa da romon, ya ce shi dai ya rasa zaren da ya ɗinke su wuri guda. Ta tsayar da keken. Ta ce ya ba ta kwana uku.

Kwana ukun nan ba a yi su cikin daɗi a gidansu ba. Uwar ta roƙe ta ta yi shiru har sai an karɓi takardar aure, in ya so daga baya a faɗa. Ta tuna mata da gidan malamin makarantar nan da suka aiko a mayar musu da zobensu kwana biyu bayan sun ji. Ta tuna mata da masana'antar ɗinkin da ta sallame ta ranar da ta faɗi a gaban keke, da yadda suka baro tsohuwar unguwarsu ta hayin kogi saboda an hana yara wasa da ita. Ruolan ta saurara har ta gama.

"Mama, na gaji da auna kowace magana kafin in faɗe ta," ta ce. "In zai tafi, gara ya tafi yanzu da ƙafarsa, da ya zauna yana ganin mun yaudare shi."

A rana ta uku da yamma suka zauna a matakalar bakin kogi, inda tsofaffi ke jefa ƙugiya.

"Farfaɗiya gare ni," ta ce. "Abin da mutane ke kira haukan akuya."

Ta zuba wa ruwa ido tana jiran abin da ta saba gani, wato mutum ya ɗan matsa gefe ba tare da ya ma sani ba. Haisheng bai matsa ba. Ya tambaye ta ko da zafi. Ta ce a lokacin ba ta sanin komai, sai ta farka take jin kamar an yi mata duka. Ya tambayi tun yaushe, ta ce tun tana shekara tara. Ya tambayi rabonta da faɗuwa, ta ce shekara biyu da wata uku, maganin yana riƙe da ita. Ya tambayi ko tana jin zuwansa, ta ce wani lokaci takan ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, kamar ta tsotsi allura. Da tambayoyin suka haura goma sai ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta, ta ce ko likitanta bai kai shi naci ba.

"To ina ruwan romonmu a ciki?" ya ce.

Kowa a garinmu ya san abin da ake faɗa wa mai ciki: kada ta kusanci naman akuya, in ba haka ba ɗan zai zo da ciwon da ya ci sunan dabbar. Haisheng ma ya sani, ya sha ganin mahaifiyarsa tana mayar da masu ciki daga bakin shago da kyautar miyar ganye. Abin da bai sani ba shi ne, shekara ashirin da shida da suka wuce, Fu Sufen tana da cikin wata bakwai kwaɗayi ya kama ta ranar tsakiyar sanyi, ta saci jiki ta sha kwano guda. Da yarinyar ta faɗi a makaranta shekara tara bayan haka, uwar mijinta ta tsare ta da tambayar me ta ci, ita kuma ta faɗi gaskiya. Daga ranar ba ta sake ɗaga kai a gidan ba. Mijin ya tafi aiki kudu bai dawo ba. Tun daga nan naman akuya bai sake shiga ƙofarta ba, ko layin da ake sayar da shi ba ta bi.

Haisheng ya riƙe hannun Ruolan har bakin benensu. Washegari ya faɗa wa mahaifiyarsa batun ciwon, don ya ce shi ma ba zai ɓoye ba.

Liao mace ce mai faɗa, amma ranar ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi, abin da bai gani ba tun rasuwar ubansa. Ta ce shi kaɗai gare ta. Ta ce ya dubi tukunyar da ke tafasa tun asuba, ya yi tunanin mace ta faɗi kusa da ita, ko ta faɗi da jariri a hannu, ko jaririn ya gaji abin.

"Shagon akuya, suruka mai haukan akuya," ta ce. "Ka san bakin mutanen garin nan. Kafin sati za su ce romonmu ke kawo shi. Abin da kakanka ya gina za ka rushe da hannunka."

Ya ce ba zai yi aure ba tare da yardarta ba, kuma ba zai auri wata ba. Daga nan bai ƙara ba. Ya ci gaba da tashi ya fasa ƙashi, ya wanke tukunya, ya zuba wa masu ci. Da rana ya leƙa shagon ɗinki na minti goma. Sabuwar shekara ta zo ta wuce, gidajen biyu ba su aika wa juna ko lemo ba. 'Yan uwan Liao suka yi ta kawo hotunan 'yan mata, yana karɓa da hannu biyu yana yabawa, yana mayarwa. Ruolan ta rame. Ba ta taɓa ce masa ya saɓa wa uwarsa ba.

Wata safiya, kafin masu ci su fara zuwa, Liao tana yanka albasa ta ga wata siririyar mace tsaye a ƙofa, ta toshe hanci da gyale. Matar ta faɗi sunanta. Liao ta goge hannu, ta riga ta shirya kalmomin da za ta sallame ta da su.

"Yaya Liao," in ji Fu Sufen, "na ji tsoronki jikoki ne. Ciwon nan ba a jininmu yake ba, ba kuma a dangin ubanta ba. Ni na jawo mata. Kwano ɗaya na sha, a shagon nan, a teburin can na kusa da taga. In ta kiyaye bakinta lokacin da take da ciki, babu abin da zai sami jikanki. Laifina ne ni kaɗai, kada ki ɗora mata."

Liao ta dubi teburin, ta dubi tukunyar. Duk abin da ta shirya ya tashi. An taɓa mata inda ba a taɓawa.

"Romonmu?" ta ce. "Ke, kin san wa ke ɗanɗana gishirin tukunyar nan kowace asuba? Surukina taba ta kashe masa harshe tun kafin in shigo gidan. Ni ce. Wata tara da cikin Haisheng, ludayi uku kullum, ina laɓewa bayan itace kada uwar mijina ta gani. Dube shi can, rabin akuya yake ɗauka a kafaɗa ɗaya. Ciwon da ya zo da shi kawai tambaya."

Fu Sufen ta sauke gyalen daga hancinta. Ta tambaya, a hankali, to me ya sa take mayar da masu ciki. Liao ta ce don bakin uwayen mazansu, ba don romon ba. Sai Fu ta nemi kujera ta zauna, a teburin nan na kusa da taga, ta kifa kai ta yi kukan da ya sa Haisheng ya ajiye gatari ya koma baya ya ba su wuri.

Liao ta tsaya a kanta da tsumma a hannu. Sai a lokacin ta gane abin da ta yi: ta karya wa matar hujja ɗaya tak da ta zo da ita, ta kuma karya rabin tata. Ta zuba mata shayi. Can ta ce, to in ba romo ba ne, mene ne? Fu ta ce ba ta sani ba. Shekara goma sha bakwai tana raka 'yarta asibiti, kullum a benci take tsayawa a waje, don tsoron kada likita ya faɗa mata da bakinsa abin da ta riga ta sani.

"Ban taɓa jin wauta irin wannan ba," in ji Liao. "Yaushe za ku koma?"

Haka suka shiga su uku ranar Talata, Ruolan a tsakiya. Likitar ta buɗe tsohon fayil, ta nuna musu hoton ƙwaƙwalwa, ta ɗora alƙalami kan wani ɗan tabo da bai kai ƙwayar wake ba. Ta tambayi ko yarinyar ta taɓa yin zazzaɓi mai zafi tana ƙarama. Fu ta ce tana shekara uku, kwana shida ba ta san inda take ba. Likitar ta ce daga nan ne. Ta ce ba a ɗaukar ciwon a hannu ko a kwano ko a miyau, kuma irin nata ba kasafai ake gadonsa ba. In Ruolan za ta ɗauki ciki, ta zo tukuna a daidaita mata magani. Liao ta tambayi batun akuya. Likitar ta ce ita kanta duk tsakiyar sanyi tana bin layi a shagon romo na gindin gada, kuma kullum sai an ce mata hantar akuya ta ƙare.

Kada ku zaci daga nan aka sa rana. Likita ba ta da maganin bakin mutane, Liao kuma ta san haka. Sai dai bayan kwana huɗu ta bayyana a shagon ɗinki da rigar girki wai igiyarta ta tsinke. Ruolan ta duba, ta ga sawun almakashi. Ta ba ta kujera. Tana ɗinki Liao ta tambaye ta, in abin ya zo, me ake yi mata. Ruolan ta ce a kwantar da ita ta gefe, a sa mata abu mai laushi ƙarƙashin kai, a duba agogo, in ya kai minti biyar a kira motar asibiti. Kada a danne ta, kada a sa mata komai a baki. Liao ta ce ita tsinken cin abinci, irin 'yan sandunan nan da ake cin taliya da su, ta san ana sawa, don kada mutum ya haɗiye harshensa. Ruolan ta ɗaga leɓe ta nuna mata haƙorin da tsinke ya karya mata tana shekara sha ɗaya.

Sati na gaba rigar girki biyu ta kawo. Ta tambayi ko tana jin maganar mutane idan ta fara farkawa. Ruolan ta ce tana ji, tun kafin ta iya buɗe baki, kuma babu wadda ta manta. Liao ba ta tambayi me suke cewa ba.

A zuwa na huɗu, ranar kasuwa ce, layin cike. Ruolan ta yi makonni ba ta samun barci sosai. Tana cikin sa zare a allura ta tsaya, ta taɓa leɓenta, ta ce, "Gwaggo, riƙe min," sannan ta sulale daga kujera.

Mutane suka taru kamar yadda suka saba. Wata ta janye ɗanta ta rufe masa ido. Mai sayar da taliya na maƙwabta ya taho a guje da tsinken cin abinci, wani tsoho yana cewa a danna mata ƙasan hanci da farce. Wani daga baya ya ambaci sunan nan na haukan akuya, aka yi 'yar dariya.

Liao ta riga ta durƙusa. Ta ture keken gefe, ta dunƙule rigunan girkin ta cusa ƙarƙashin kan yarinyar, ta juya ta ta gefe. Da tsinken ya matso ta kaɗe shi da bayan hannu har ya faɗa kwata. Idonta na kan agogon wuyan hannunta. Minti ɗaya. Minti biyu. Kafin na uku jikin ya lafa. Ta share mata baki da hannun rigarta, ta gyara mata siket, ta matsa ta zauna ta yadda jikinta zai tare ta daga idon jama'a.

Mai taliya, da haushin tsinkensa, ya ce, "Uwar shago, ke meye naki? Ki koma kan tukunyarki mana. Wace ce ita a wurinki?"

Liao ta ga idon Ruolan ya fara motsi. Ta san tana ji. Ta san kuma rabin waɗanda ke tsaye a shagonta suke karya kumallo.

"Matar ɗana ce," ta ce. "Wanda bai ji ba in sake faɗa."

An yi bikin aurensu lokacin da sanyi ya wuce, furanni suka buɗe. Abin da Liao ta ji tsoro ya faru, amma bai kai yadda ta zata ba. Wasu sun daina zuwa shagon, har da mutum biyu da suka yi shekara ashirin suna zama teburi ɗaya. Wasu sun dawo da sanyi ya kama, suna sunkuyar da kai. Waɗanda ba su dawo ba ta ce sun rage mata wanke-wanke. Ruolan ba ta bar ɗinkinta ba, ba ta kuma zuwa kusa da tukunya, sharaɗin da Liao ta kafa ke nan kuma ba wanda ya yi musu. Ciwon bai tafi ba. Yakan zo sau ɗaya a shekara, ko ya tsallake, kuma yanzu mai taliya ne ke fara korar masu kallo. A shekara ta uku ta haifi mace. Kakannin biyu har yau ba su daidaita kan wadda jaririyar ta ɗebo ba.

Haƙurin yaran nan biyu shi ya ba iyayensu lokacin da za su gane da kansu. Da sun yi gaggawa ko sun yi ɓoyo, da an rasa auren an rasa zumunci. Ku kuma da kuka ji labarin, in kun ga mai wannan ciwo ya faɗi, ku tallafi kansa, ku kame bakinku, domin yana jin ku. In kuma kun ji wani abu game da ɗan mutane da ba ku fahimta ba, ku tambaya kafin ku yanke hukunci. Fu Sufen ta yi shekara goma sha bakwai zaune a bencin waje, amsarta tana bayan ƙofa.